Zuwa siki Val Thorens a ƙarshen Afrilu: akwai sauran ƙanƙara ko asarar kuɗi ce?

dan_maradi38:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Shawara nike nema wurin waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ta Faransa. Abokan karatuna na nan Grenoble sun shirya tahiya Val Thorens, garin siki (wasan zamiya a kan ƙanƙara) da ke kan duwatsun Alps, ranar Asabar ta ƙarshen Afrilu, a tashi da asuba a komo da dare, kuma sun matsa lallai sai na bi su. Ni dai siki na ɗan taɓa shi a Chamrousse kusa da mu cikin hunturu, ina sauka gangara masu sauƙi, wato masu alamar kore da shuɗi, a hankali, mai alamar ja da ya hi wuya ban kai gare shi ba tukuna. To abin da ya ɗaure mini kai shi ne nan cikin gari mutane har sun fara yawo da riga mai gajeren hannu, itatuwa duk sun yi ganye, Chamrousse ɗin ma sun rufe. Wace ƙanƙara za a tarar a ƙarshen Afrilu? Kuɗin forfe (tikitin hawa lif, na'urar da ke haurawa da mutane kan dutse) da hayar kaya da kuɗin mai ba ƙanana ba ne ga ɗalibi, ba ni son in zuba su in je in tarar da taɓo. Wanda ya taɓa zuwa a irin wannan lokaci don Allah ya gaya mini gaskiya.

Baba_Chambery:
Wa alaikumus salam ɗana. Je ka, akwai ƙanƙara. Kada ka auna da abin da kake gani a Grenoble, ita tana can ƙasa cikin kwari, tsayinta mita 200 da 'yan kai ne kawai, shi kuwa garin Val Thorens kansa yana kan mita 2300, babu garin siki da ya kai shi tudu a duk Turai, ƙololuwar Cime Caron kuma ta kai mita 3200. Duk mita 1000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6, to yi lissafi da kanka. Shi ya sa suke buɗewa tun ƙarshen Nuwamba su kai har farkon Mayu bayan maƙwabtansu duk sun kulle. Ni na fi son zuwa a wannan lokacin ma fiye da Fabrairu, babu layi a bakin lif, babu sanyin nan mai sa yatsu su mutu.

Bakatsine_Liyon:
Baba ka yi haƙuri amma ni ban yarda ba. Ƙanƙara akwai ta, ba a musu, amma wace iri? Na je a Afrilu, da safe ƙasa tauri kamar me, siki sai ƙara yake yana zamewa gefe, da rana kuma ta jiƙe ta yi nauyi tana kama ƙafa. Ɗaya daga cikin mutanen da muka je tare a nan ya murɗe gwiwa wajen ƙarfe uku, sai da aka sauko da shi a kwance. Kuma kilomita 600 ɗin nan da ake tallar 3 Vallées, wato haɗakar Val Thorens da maƙwabtanta, da ita ai sai in Courchevel da Méribel suna buɗe, a ƙarshen Afrilu sun riga sun rufe. Ɗan Maradi ka adana kuɗinka zuwa Janairu, shawarata ke nan.

Baba_Chambery:
Wanda bai kai ja ba me zai yi da kilomita 600? Val Thorens da Orelle da ke haɗe da ita ta bayan dutse kaɗai sun ishe shi sati guda bai gama ba.

mai_haya73:
Salam. Ni ina aiki a shagon hayar kayan siki a kwarin Belleville inda Val Thorens take, don haka bari in sa baki. Abin da Bakatsine ya faɗa gaskiya ne, abin da Baba ya faɗa shi ma gaskiya ne, bambancin kawai ƙarfe nawa kake kan gangara kuma ina gangarar take kallo. Ƙanƙarar wannan lokaci kullum rana tana narkar da samanta, dare kuma ya sake daskarar da ita. To da ƙarfe tara in an buɗe lif abin da za ka taka shi ne wanda ya kwana yana daskarewa, tauri ne ƙwarai, ɗan koyo in ya hau sai tsoro ya kama shi ya ƙage jiki, daga nan sai faɗuwa, faɗuwar kuma akwai zafi. Amma da rana ta ɗan buga ta sai saman ya saki kamar kaurin yatsa ɗaya zuwa biyu, ƙasan yana nan da ƙarfinsa, to wannan ita ce ƙanƙarar da mutane suke barin garuruwansu su zo nema, siki yana shiga cikinta a hankali yana juyawa ba gardama, wlh ɗan koyo yakan ji kamar ya ƙara iyawa ne a yini ɗaya. Sai dai ba ta daɗewa, a gangara ɗaya awa ɗaya zuwa biyu ce, daga nan ruwa ya ratsa ta har ƙasa ta zama kamar ƙanƙarar da aka daddaka za a zuba a zobo, masu wucewa kuma su tara ta tuli tuli.

Dabarar ita ce ka bi rana. Gangaren da yake kallon gabas shi yake fara saki, sai mai kallon kudu, sai na yamma, mai kallon arewa shi ne na ƙarshe, wani lokacin ma in yana can sama sosai yini yake bai jiƙe ba. A Val Thorens ɓangaren Plein Sud da ɓangaren Orelle rana tana samunsu da wuri, can za ka fara wajen goma. Kafin azahar ka bar su ka hau sama, Moraine da Génépi shuɗi ne dukansu, masu faɗi, kuma suna riƙe sanyi. Tête Ronde ma shuɗi ce, ta lif ɗin Péclet ake hawanta. In ƙarfe biyu da rabi zuwa uku ta yi ka ji cinyoyinka sun fara rawa to ka tsaya, kada ka ce sai ka cinye kuɗin forfenka har a rufe lif. Yawancin waɗanda muke gani sun dawo da kaya suna ɗingishi a wannan awar ta ƙarshe abin ya same su, jiki ya gaji ƙanƙara ta yi nauyi, siki ya cije mutum ya wuce gaba gwiwa ta tsaya baya.

dan_maradi38:
Kai Yaya mai_haya na gode ƙwarai, Allah shi saka. Wannan bayani ban taɓa jin shi ba, mu dai tsarin da aka yi shi ne a iso tara a yi ta yi har biyar. To kayan sawa hwa? Rigar da na yi hunturu da ita mai kauri ce sosai.

mai_haya73:
Kada ka dogara da riga ɗaya mai kauri. Sa marasa nauyi biyu ko uku, ta saman wadda ruwa ba ya shiga, in zafi ya taso ka cire ɗaya ka jefa a jaka. Da safe a kan kujerar lif akwai iska mai sanyi har yanzu, da rana kuma gumi za ka yi. Safar hannu ka zo da biyu don ta farko jiƙewa za ta yi. In kun je haya ka gaya musu gaskiyar nauyinka da tsayinka da iyakar iyawarka, da su ake saita maƙalin takalmi yadda zai sake ka in ka faɗi, wasu samari sai su ce sun ƙware don kunya a ɗaure musu tam. Ka tambaya kuma ko an shafa wa sikin kakin da ya dace da jiƙaƙƙiyar ƙanƙara. Hular kwano dole.

Anti_Nas:
Ƙanena abu biyu zan ƙara, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma abin yana damuna don mutanenmu ba sa ɗaukarsa da muhimmanci. Na farko rana. Kada wani ya ce maka baƙar fata ba ta ƙonewa, tana ƙonewa, musamman leɓe da hanci da ƙarƙashin haɓa, don hasken ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, sabuwar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, kuma duk mita 1000 ƙarfinsa yana ƙaruwa da wajen kashi 10. Ranar ƙarshen Afrilu kuma ba ranar Janairu ba ce. Ka shafa man kare rana ka maimaita da azahar, ka riƙe na leɓe a aljihu. Ido ya fi komai, kada ka cire tabarau ko da gajimare ya rufe, wanda ya yini ba tabarau ba a lokacin yake ji ba, sai cikin dare ido ya kama raɗaɗi da hawaye ya kasa buɗewa, yakan ɗauki yini ɗaya zuwa biyu kafin ya lafa.

Na biyu kuma shi ya fi muhimmanci gare mu, ka san jininka? AA ne ko AS ko SS? Sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iska a tudu da wahalar jiki, duk abubuwan da ke tayar da ciwon sikila ne, a can kuma duk huɗun suna haɗuwa a yini ɗaya. Mai SS ko SC kada ya hau sai ya zauna da likitansa. Mai AS yawanci lafiya lau yake zuwa ya dawo amma an san cewa a tudu sosai saifa tana iya samun matsala, alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen ciki na hagu ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. In haka ta faru a sauko da mutum a kai shi asibiti kuma a gaya wa likita maganar AS ɗin tun farko. Lambar gaggawa 112.

ummu_ilham:
Anti Nas Allah ya biya ki. Ɗana AS ne kuma makarantarsu suna kai yara dutse duk shekara, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Zan yi wa likitansa magana.

Anti_Nas:
Amin Maman Ilham. Ba wai a hana shi ba ne, a dai sani, ya riƙa shan ruwa sosai kuma malamansa su san abin da za su lura da shi.

Sadiq_kn:
Ni dai daga Kano nake bin wannan hira, yanxu haka xafi ya ishe mu a nan ku kuna maganar kankara a Afrilu, ikon Allah. Tambaya ta ita ce mita 2300 din nan kamar ina ne a wajenmu? Ya kai Jos?

malam_taswira:
Malam Sadiq ya wuce Jos nesa ba kusa ba. Jos wajen mita 1200 take, kusan rabi ke nan. Wuri mafi tudu a Najeriya shi ne Chappal Waddi a jihar Taraba kan iyakar Kamaru, mita 2419, to ka ga da kaɗan ya ɗara inda otal otal ɗin Val Thorens suke. A Nijar kuwa ƙololuwar ita ce ta dutsen Bagzan a Ayar, mita 2022, wato ɗan Maradi tun a wurin ajiye mota ya riga ya hau sama da ko'ina a ƙasarsa. Shi ya sa maganar Anti Nas take da nauyi, mutum ya tashi daga mita 200 da asuba, kafin hantsi yana 3000, ciwon kai da haki ba abin mamaki ba ne.

dan_ayar:
Tunda an ambaci Ayar bari in hwaɗi wani abu da na gani da idona. A watan Maris na 2022 ina Savoie, yankin da Val Thorens take, aka wayi gari sama ta yi ja, ƙanƙara duk ta rine ta koma ruwan ƙasa, motoci sun yi buɗu buɗu. Turawa suna ta ɗaukar hoto, ni ko da na shaƙi iskar gida na tuna. Ƙurar hamadarmu ce ta ƙetaro teku. To ɗan Maradi in ka ga ƙanƙarar ƙarshen kaka ba fara fat ba ce, ta yi dauɗa dauɗa, kada ka yi mamaki, ƙurar da ta sauka cikin hunturu sabuwa ta rufe ta, in an fara narkewa sai ta sake fitowa sama.

malam_taswira:
Gaskiya ne an yi wannan a Maris 2022, an kuma yi a Fabrairu 2021. Sai dai ɗan gyara, ƙurar da take kaiwa Faransa yawanci daga arewacin Sahara take tasowa, wajen Aljeriya da Maroko, iskar kudu ce take ɗauko ta. Ta wajenmu, irin ta kwarin Bodele a Chadi, iskar hunturu kudu maso yamma take kora ta, ita ce hazon da yake rufe Kano da Zinder ya wuce har teku. Amma maganarka ta narkewa daidai ce, kuma ƙurar tana sa ƙanƙara ta yi duhu ta sha zafin rana ta narke da wuri.

dan_ayar:
Hamada ɗaya ce dai malam, iyaka ba ta tsaida ƙura. Ko ma daga ina ta taso, in ka shiga wurin da ta taru da rana tsaka siki yana cijewa nan take, wannan ya kamata yaron ya sani.

mai_haya73:
Wannan haka yake, in ka ga wuri ya yi duhu duhu ka rage gudu kafin ka shiga, kuma kada ka jingina baya.

Hajiya_Annecy:
Ku maza duk kun tsaya kan gangara babu wanda ya yi maganar ciki da salla. Ɗana ka tafi da guzurinka daga gida. Abincin Savoie akwai daɗi amma ka yi hattara, tartiflet da naman alade ake yin ta, tsiran nan nasu da suke kira diyo shi ma alade ne, fondu kuma da giya ake narka cukun. Raklet in za ka ci sai ka ce a ba ka cuku da dankali kawai ban da naman da ake jerowa. Ga tsada kuma, abin da za ka biya faranti ɗaya a kan dutse ya ishe ka cefanen kwana biyu a gari. Mu burodi muke yi da kifin gwangwani da ƙwai, dabino, da shayi a fulas, mu nemi gefe mu zauna a rana, a Afrilu zaman ma daɗi ne da shi. Salla kuma ka yi alwalarka tun a ƙasa, ku matafiya ne, ka tambayi malaminka maganar kasaru da haɗa azahar da la'asar kafin ranar don kada ka tsaya kana waswasi a can. Magariba ba matsala, a ƙarshen Afrilu rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi. Wani abu kuma, da la'asar akwai wuraren da ake buɗe kiɗa da shaye shaye a gefen gangara, masu fitowa daga can wasu ba sa cikin hayyacinsu kuma a kan siki suke saukowa, wannan ma dalili ne na ka sauka da wuri.

dan_maradi38:
To Hajiya na ji, Allah shi bar zumunci. Anti Nas ni AA ne alhamdulillahi, amma akwai ɗaya cikinmu ɗan Kamaru zan tambaye shi.

Arewa_Calgary:
Ina gaida mutanen Faransa. Mu nan Kanada lokacin da kuke cewa ƙarshe mu da saura, Sunshine Village da ke Banff suna kaiwa har wajen ƙarshen Mayu, ranar rufewa kuma sai su haƙa tafki a ƙasan gangara su cika shi da ruwa mutane su taho da gudu su gwada ƙetare shi a kan siki, wasu su haye wasu su nutse, jama'a suna ta ihu. A Amurka ma Mammoth da ke Kalifoniya a 2023 sai a watan Agusta suka rufe saboda yawan ƙanƙarar da ta zuba a shekarar. Ni a ganina ɗan koyo ya fi jin daɗin wannan lokacin nesa ba kusa ba. Na fara koyo a Janairu cikin sanyin da ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili, rabin hankalina yana kan yatsun ƙafata ne ba kan abin da malami yake faɗa ba. Sai da Afrilu ta zo na fahimci abin da mutane suke so a wasan nan.

Bakatsine_Liyon:
Sanyin Kanada daban na Alps daban ai. Janairu a nan ba ta kai haka ba yawanci, kuma ƙanƙarar busasshiya ce tun safe har yamma, awa bakwai kana wasa. Yanzu ku da kanku kun ce daga goma zuwa biyu da rabi, a cire cin abinci da salla saura nawa? Ga tafiyar awa biyu zuwa awa biyu dawowa. Ni lissafin nake dubawa, yaro ya ce ɗalibi ne.

Baba_Chambery:
Bakatsine, awa huɗu masu kyau sun ishi ƙafar ɗan koyo, ko a Janairu ba ya wuce haka sai dai ya yi ta faɗuwa. Kuma a Fabrairu lokacin hutun makarantu rabin yinin a layi kake yin shi. Ga shi a makonnin ƙarshe sukan rage kuɗin forfe tunda ba duka wuraren ke buɗe ba, ya duba shafinsu ya gani, ya kuma tambayi ƙungiyar ɗaliban jami'arsu, ƙungiyoyin siki na ɗalibai a Grenoble suna samun rangwame.

Bakatsine_Liyon:
To in dai lallai sai ya je, abu ɗaya nake roƙo, ya sayi inshorar nan da ake sayarwa tare da forfe, Carré Neige, yuro kaɗan ce a rana. A Faransa ɗauko mutum daga kan gangara ba kyauta ba ne, mutuminmu da na ce ya murɗe gwiwa bai saya ba, takardar kuɗin da ta biyo shi daga baya ta ɗaruruwan yuro ce.

mai_haya73:
Wannan kam na goyi bayanka ɗari bisa ɗari. Sannan kada abokai su ja shi wajen hanya, wato bayan sandunan da aka kafa. A wannan lokaci da rana ta yi zafi jiƙaƙƙiyar ƙanƙara takan zaftaro daga gangare gaba ɗaya, nauyinta ba a magana. Ana kafa ma'aunin haɗarin a bakin lif daga 1 zuwa 5, amma a bazara lambar safe daban ta yamma daban. Hanyar da aka rufe da igiya kuma an rufe ta ne da dalili.

zainab_stras:
Don Allah mata suna yi kuwa? Ina sha'awa amma ina tunanin hijabi da kayan.

Hajiya_Annecy:
Sosai ma 'yata. Kayan siki ai sun rufe ko'ina, wando mai faɗi, riga har cinya, ki sa ƙaramin hijabi mai kama kai a ƙarƙashin hular kwano shi ke nan. Abin da za ki kiyaye kawai kada ki bar mayafi ko gyale yana lilo, zai iya maƙalewa a lif. A tsakiyar garin akwai wurin 'yan koyo mai shimfiɗar nan da take jan mutum sama a tsaye, ki ɗauki darasi wurin malaman makarantar siki ta ESF masu jajayen riguna, akwai mata a cikinsu, kina iya neman mace.

Sadiq_kn:
Wai akwai yan Afirka da suke gasar wannan abu kuwa ko kallo kawai muke

malam_taswira:
Akwai. Lamine Guèye na Senegal ya yi siki a gasar Olamfik ta hunturu a Sarajevo tun 1984. Kwame Nkrumah-Acheampong na Ghana ya yi a Vancouver a 2010. Najeriya ma Samuel Ikpefan ya wakilce ta a Beijing a 2022, shi nasa na doguwar tafiya ne a kan siki ba na gangara ba, kuma a nan yankin Alps na Faransa ya tashi. A Afirka kanta ana yi a Oukaïmeden kusa da Marrakesh, da Afriski a Lesotho, su na Lesotho lokacinsu Yuni zuwa Agusta ne. Kwarin da ɗan Maradi zai bi ma ya ga Olamfik, ta Albertville a 1992, an yi wata gasar maza a Les Menuires da zai wuce ta gefenta, kuma an ba Alps na Faransa ta 2030.

dan_maradi38:
Na tura wa abokaina abin da Yaya mai_haya ya rubuta, yanzu gardama ta koma kan hanya. Mai motar yana cewa mu bi ta Albertville da Moûtiers, wani kuma ya ce ta Orelle ta hi sauƙi. Kuma suna son a hau Cime Caron wai ana hango dutsen Mont Blanc.

Baba_Chambery:
Ta Moûtiers daga nan kilomita 37 ce ta hawa da kwana kwana, ka wuce Saint-Martin ka wuce Les Menuires, mai amai a mota ya shirya. In kun isa ba a barin mota a kan titi, sai wurin ajiya na kuɗi. Ta Orelle kuwa babbar hanyar Maurienne za ku bi, ku ajiye mota a ƙasa ku shiga telekabin, wato rufaffen lif mai tafiya a kan igiya, ya haura da ku, ta fi sauƙi ga masu yini ɗaya. Amma ku tabbatar yana aiki a ranar, kuma ku san ƙarfe nawa lif na ƙarshe na komawa, wanda ya makara ya kwana a ɗaya kwarin motarsa tana ɗayan, zagayen ta ƙasa ba kusa ba ne. Dokar sa wa mota tayoyin hunturu ta ƙare tun 31 ga Maris amma ni ba na cire sarƙa daga but sai Mayu, na sha ganin ƙanƙara ta zuba a kan hanyar nan a ƙarshen Afrilu.

mai_haya73:
Caron ka hau ka yi kallo, in sama ta washe Mont Blanc ɗin a fili yake, amma hanyoyin da suke saukowa daga can ja ne da baƙi. Kai ka koma cikin lif ɗin ka sauko yadda ka hau, ba abin kunya ba ne, mutane da yawa haka suke yi. Ni kuma ta Moûtiers zan ce ku bi saboda kai, ka fara daga tsakiyar gari inda kore da shuɗi suke kusa da shagon haya.

Baba_Chambery:
A Orelle ma akwai shuɗi ai, kuma kai ka ce can rana take fara samu.

mai_haya73:
Akwai Baba, amma da yamma dole ya sake ƙetarawa ya koma can lokacin da ya gaji kuma ɓangaren ya fi ko'ina jiƙewa, abin da nake guje masa ke nan.

Arewa_Calgary:
Me zai hana ku kwana ɗaya? Ƙarshen kaka ɗakuna suna sauka.

dan_maradi38:
Kwana kam aljihu ba zai ɗauka ba Yaya, ga jarabawa ta matso.

Bakatsine_Liyon:
Ni har yanzu ina kan bakana na Janairu. Amma akwai abin da ba a faɗa ba, duk wannan tsarin na bin rana sai in dare ya yi sanyi ya daskarar da ita. In gajimare ya kwana a sama ko iskar kudu mai ɗumi ta taso, tun tara na safe a jiƙe za ku same ta har sama. In kuma hazo ya sauko, Val Thorens babu itace ko ɗaya, fari ne sama da ƙasa, ba ka gane tudu ba ka gane rami. Kada ku sayi forfe tun yanzu, ku bari sai Alhamis ko Juma'a ku duba hasashen Météo-France da kyamarorin da suke shafin wurin.

mai_haya73:
Eh wannan gaskiya ne. Abin da za ku duba shi ne daren Juma'a, in sama a washe take kuma ma'auni ya sauka ƙasa da sifili a garin to ku taso. In ya nuna hadari ku ɗaga zuwa Lahadi ko Asabar ta gaba in suna nan a buɗe.

dan_maradi38:
Mai motar ya ce Asabar ta gaba ba shi nan, ko wannan ko babu. Zan duba ranar Juma'a da dare in ga abin da ya nuna. Yaya mai_haya, in muka ɗauki kayan haya tun nan Grenoble ranar Juma'a ya hi araha ko gara mu bari sai mun hau, saboda in takalmin ya matse ni a samu wurin canzawa?